Aron Wuya a Kasuwar Albasa

Bismillahir rahmanir rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci ɗan Adam, ya kuma fi kowa sanin iyakar abin da ƙashinsa zai iya ɗauka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Abdussalam, wanda ya koyar da rabin mutanen da ke zaune a filin nan. Masu girma wakilan ƙananan hukumominmu uku, Jega da Aliero da Maiyama. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Limamanmu da malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya. Shugabannin ƙwadago da suka yi sammako daga Birnin Kebbi. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Direbobi da 'yan kamasho. Manoma da makiyaya. Dillalan albasa, waɗanda na ga Allah ya ba su kujerun gaba a cikin inuwa. Iyayenmu mata da ke can baya a gindin dogonyaro. Sai kuma 'yan'uwana 'yan dako, da ke tsaye cikin rana kamar yadda suka saba. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan taro a nan Aliero don tunawa da cikar shekara tamanin da babban yajin aikin gama-gari na 1945. Ina godiya da aka kafa rumfuna, aka ɗauko lasifika, aka ɗora tukwane. Na fi godiya da aka tuna cewa ɗan dako ma ma'aikaci ne, har aka ce wani daga cikinmu ya hau nan ya yi magana, domin mu dai abin da muka saba hawa katakon loda mota ne. Ga wanda bai san ni ba, sunana Hamidu Tamu, mutumin Dangamaji. Na yi dako tun ina saurayi har gwiwoyina suka ce sun gaji, yanzu kuma ni ne abokan aikina na kasuwannin nan uku suka ɗora wa shugabancinsu. Ban yi boko mai zurfi ba, kuma an san ni da zafin baki. Wanda maganata ta taka, ya yi mini afuwa tun yanzu, don ba zan tsaya a tsakiya in ba da haƙuri ba.

An ce in yi magana a kan tarihi, kuma zan yi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne gadon bayan wani mutum guda, Waliyyu, ɗan dako daga Jandutsi, magidanci mai 'ya'ya biyu. Mai ɗori ya duba shi ya ce idan ya ci gaba da hawa katako da buhun albasa irin wanda muke ɗauka yau, ba zai sake tsayawa da ƙafafunsa ba. Shi kuma ya ce ba shi da ikon ajiyewa. Duk abin da zan faɗa, na shekara tamanin da na jiya, a kan bayan wannan bawan Allah yake tafiya. Ku riƙe shi a ranku har in gama.

Magana ta farko ita ce ta tarihi. A daminar 1945, Yaƙin Duniya na Biyu yana ƙarewa, tsadar rayuwa ta kai ma'aikacin ƙasar nan bango. Gishiri ya yi tsada, kananzir ya yi tsada, yadin da mutum zai suturta iyalinsa ya gagara, albashi kuwa bai kamo ƙafar kasuwa ba. Ma'aikata suka roƙi gwamnatin Turawa ta yi musu ƙari, aka ce su yi haƙuri. Suka sake roƙo, aka ce su ƙara haƙuri. Sai a watan Yuni ma'aikatan reluwe suka ajiye kayan aiki, na gidan waya suka bi, na tashar jiragen ruwa suka bi, na ɗab'i da na gine-gine suka bi, tun daga Ikko har zuwa nan Arewa. Dubban mutane, kowa da harshensa, kowa da addininsa, suka zauna a gida fiye da wata guda. Daga ƙarshe gwamnatin da ta ce ba ta da abin bayarwa ta kafa kwamitin bincike, aka kuma yi ƙarin da aka ce ba zai yiwu ba.

Wannan kowa zai iya jin sa a bakin malamai. Abin da ni na gada daban ne, domin mahaifina, Tamu, Allah ya jiƙansa, yana cikinsu. Cin rani ya fitar da shi daga Dangamaji, ƙafa ta kai shi Zariya, ya samu aikin lebura a shagon kayan reluwe, yana loda gyaɗa da auduga da fatu a cikin taragu. Kun ga ke nan dako ba a kaina ya fara ba a gidanmu. Ya sha gaya mini, muna zaune a ƙofar gida bayan ya tsufa, ya ce, “Hamidu, shekara da shekaru ina wucewa gaban Baturen ga da buhu bisa wuya, bai taɓa ɗaga kai ba. Ran da munka ƙi hitowa, ran nan yas san akwai mu. Da kainai yaz zo yana tambayar heluma, shugaban leburori, ina mutanen ga sunka shiga?” Ya ce abin da ya gane ke nan a rayuwarsa: mai kaya ba ya ganin mai ɗauka sai ranar da kayan suka kwana a ƙasa.

Akwai abu na biyu da yakan faɗa, shi kuma ba ya faɗarsa sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce yunwa ta kusa mayar da su aiki tun a farkon tafiya. Leburori ne baƙi, ba gona, ba rumbu, ba dangi a garin. Wata mai tuwo ce a unguwarsu, wadda ba ta haɗa komai da su ba, ta riƙa zuba musu safe da yamma. Da kunya ta kama su suka daina zuwa, sai ta aika aka kira su, ta ce, “Ku zo ku ci. In yunwa ta mayar da ku, har ni an kayar.” Har mahaifina ya koma ga Allah, bai taɓa wanke hannu daga tuwo ba tare da ya yi wa matar nan addu'a ba. Kada kuma wani ya zaci abin ya zo da sauƙi. Wasu an tsorata su, wasu an kama shugabanninsu, kuma 'yan shekaru kaɗan bayan haka aka buɗe wa masu haƙar kwal wuta a Inugu saboda sun nemi haƙƙinsu. Hutun da ma'aikaci ke samu yau, da bakin da yake da shi na yin magana, akwai waɗanda suka biya su da jikinsu.

Magana ta biyu ita ce ta buhu. Ku yi haƙuri da ni, masu manyan riguna, zan shigar da ku kasuwa. Lokacin da na fara dako, buhun albasa buhu ne. A cika shi, a kama bakinsa, a ɗinke da basilla, mutum biyu su ɗora maka, ka tafi. To, mai saye a Kudu buhu yake ƙirgawa, ba ruwansa da sikeli, saboda haka dillalin da buhunsa ya fi ƙiba shi ke samun ciniki. Sai aka fara tsiri a baki. Da tsirin ya ƙi ɗinkuwa, sai aka yanko wani ƙyallen buhu aka rufa a kai aka ɗinke, shi ne abin da muke kira hula. Bana a ƙara mata yatsa biyu, baɗi a ƙara mata taƙi, har yanzu ta tashi daga hula ta koma rawani. Yau mutum huɗu ke ciccibar buhu guda, suna nishi, su ɗora shi a wuyan mutum ɗaya. Shi kuma ya hau katako da shi har cikin tirela, ya sauko, ya sake, tun hantsi har motar ta cika.

Waliyyu yana da wa, sunansa Dalhatu, tare suke aiki a gungu ɗaya a kasuwar nan. Duk wanda ya san kasuwar Aliero ya san Dalhatu, dogo, mai yawan raha, wanda in an gaji shi ke tsokanar mutane har su manta da gajiyar. Ranar da aka yi ruwan shuka na bana, katako ya jiƙe, ɓawon albasa ya manne a kansa. Dalhatu ya kai tsakiya ƙafarsa ta zame. Da ya saki buhun, da wataƙila targaɗe kawai zai yi. Amma mu an hore mu tun muna samari cewa ɗan dako ba ya yar da kaya, domin albasar da ta bugu ruɓewa take yi, kuma wanda ya yar ya zama abin dariyar kasuwa. Sai ya riƙe. Ya faɗo daga katakon, buhun ya biyo shi ya zauna masa a tsakiyar baya. Bai yi ihu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ku ɗauke mani shi, ba ni jin ƙahwahuna.”

Muka kwashe shi zuwa gidan Malam Ya'ƙub mai ɗori. Kun san garin nan Allah ya ba shi ɗori, daga nesa ake kawo masu karaya su koma da ƙafarsu. Malam Ya'ƙub ya shafa bayan tun daga wuya har ƙugu, sannan ya ce, “Karayar ƙashi mu ka ɗorawa. Wagga ta taɓa laka, sai asibiti, sai kuma Allah.” Aka kai shi asibiti, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, maganar ba ta sake ba. Yanzu haka yana kwance a Jandutsi, a ɗakin mahaifiyarsu, Inna Hindu. Tsohuwar da ya kamata a ce shi ke ɗauke mata tulu, ita ke juya shi, ita da matarsa, don kada bayansa ya yi gyambo. Na je na gan shi. Ya yi ƙoƙarin tsokanata kamar da, ya kasa. Na fito na tsaya a bayan dangarsu na yi kuka, ban kuma ji kunyar faɗa muku ba.

Ga abin da nake so ku ji da kyau. Motar da Dalhatu ya faɗo daga kanta, a ranar ta cika, a ranar ta tashi, ko jinkirin salla ɗaya ba ta yi ba. Bayan makonni na haɗu da mai kayan, na ce, Alhaji, ba ka je ka duba Dalhatu ba. Ya dube ni da mamaki ya ce, “Mi yas same shi? Wallahi ban ji ba, ai lodi bai tsaya ba.” Na so in yi fushi da shi, sai na ga gaskiya ya faɗa. Bai sani ba, kuma mu ne muka hana shi sani.

Wannan ya kawo ni magana ta uku, wadda ta fi yi mini nauyi, domin ba da dillali nake ba, ba da gwamnati nake ba, da mu nake. Mu 'yan dako muna da wata al'ada da muka gada, muna kiranta aron wuya. Idan ɗan gungu ya faɗi, ba a sa wani a gurbinsa, domin sabon mutum zai ci rabon wanda ke kwance. Sai ɗan'uwansa na jini da ke cikin gungun ya ara masa wuyansa. Ya ɗauki nasa buhunan, ya ɗauki na maras lafiya, da yamma a kai rabon gidansa kamar ya fito aiki. In ba shi da ɗan'uwa, gungu ya raba. Ba hukuma ta sa mu ba, ba malami ya karanta mana ba, zumunci ne tsantsa. Da ita aka ciyar da marayu, da ita aka rufa wa gidaje asiri, kuma babu ɗan dakon da ba ya alfahari da ita. Amma an yi ta ne a zamanin da buhu yake buhu, a zamanin da mutum ke kwanciya da zazzaɓi ko targaɗe ya tashi bayan 'yan kwanaki. Ba a yi ta don buhu mai rawani ba, ba a yi ta don mutumin da ba zai tashi ba.

Ku duba abin da take yi mana yanzu. Mutum ya faɗi, mu rufe gurbinsa da jikinmu kafin kowa ya gani. Mota ta tashi a kan lokaci, mai kaya ya tafi yana yabon ƙwazonmu, hula ta ƙara girma, domin babu abin da ya nuna ta yi yawa. Wanda ya ara wuya kuwa yana ɗaukar kayan mutum biyu da ƙashin mutum ɗaya, shi ne na gaba a layi. Ku je Jiga Makera, akwai gidan da wa da ƙane ke kwance ɗaki ɗaya, ɗaya ya biyo ɗaya cikin shekara. A Dangamaji, garinmu, akwai uban da ya ara wa ɗansa wuya, yau da sanda biyu yake zuwa masallaci. Iyayenmu na 1945 sun fitar da kansu daga wurin aiki don a ga gurbinsu. Mu 'ya'yansu da jikokinsu muna toshe gurbin da ƙasusuwanmu don kada a gani. Lalle albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma ni wannan ya fi ƙona mini rai fiye da duk abin da dillali ya taɓa yi mana.

Tun ranar ruwan shuka Waliyyu ke ɗaukar nasa da na Dalhatu. Jiki magayi. Ya fara tafiya a karkace. Ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa, sai ya tsaya ya bubbuga ta a ƙasa kafin ya taka katako. Na lura a masallacin kasuwa a zaune yake salla, ya ɓuya a sahun baya don kada a gani. Da ƙyar na ja shi zuwa wurin Malam Ya'ƙub. Ya duba shi ya ce gaɓar baya ta goce, amma lakar ba ta taɓu ba tukuna, in ya huta har kaka zai warke. Sannan ya juyo gare ni ya ce, “In yac ci gaba da hawa katako da buhu mai hula, to ku shimfiɗa mai tabarma kusa ga wanai.”

Da muka fito na ce, Waliyyu, ka ji da kunnenka. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba Hamidu, na jiya. To in na aje, wa ka ci da gidan Yaya? Ɗiyanai huɗu, ga matatai, ga Inna, ga nawa. In an sa wani gurbinai, rabonai ya tahi ke nan har abada. Kuma mi za a ce da ni Jandutsi? A ce wana na kwance ni kau na ji tsoron buhu?” Jama'a, kun ji tambayarsa. Ba amsar mutum ɗaya ba ce. Shi ya sa na ɗauko tambayar na kawo muku ita nan.

Na san za a ce, to me ya hana ku yin yaji? Mun gwada bara. 'Yan dakon Aliero suka ce ba za su ɗauki buhu mai hula ba. Kafin azahar motoci sun juya, wasu Jega, wasu Maiyama, aka kwashi albasar a ƙananan motoci aka bi su da ita, kafin magariba an gama lodi. Har wani ɗan Jega ya aiko mana da saƙo wai in wuyan Aliero ya gaji a faɗa musu. Ban riƙe ku a zuciya ba, 'yan Jega, na san bakinku ya fi ƙarfinku, kuma na san yunwar da ta sa ku. Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, katakon Jega ma yana jiƙewa. Sannan manoma suka zo mana da kuka, albasa tana ruɓewa a rudu, inda ake adana ta, damina ta shigo. Manomin nan kuwa wa ne? Yayanmu ne, surukinmu ne, da yawanmu ma muna da ɗan fegin albasarmu a fadama. Ba mu iya kallon idonsu ba, muka koma.

To, manoma, yau ku saurare ni. Albasar da ke cikin hular nan, ta wa ce? Taku ce. Ku ma buhu ake ƙirga muku. Kun yi reno, kun yi dashe, kun sha ban-ruwa, sannan a ɗinke guminku a saman buhu a tafi da shi kyauta. Hular da ke karya mana baya ita ce ke yashe muku rudu. Ku kuma dillalai, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na san kowannenku tsoron ɗan'uwansa yake yi, kada ya rage, wancan ya ƙwace masa ciniki. In kasuwa uku suka yanke hula rana ɗaya, ba wanda ya ƙwace wa wani komai. Mai saye zai yi gunaguni, sannan ya saya, don miyarsa ba ta yiwuwa ba albasa.

Saboda haka ga abin da nake nema a madadin 'yan dako, a gaban iyayenmu da malamanmu. Daga yau, a Jega da Aliero da Maiyama, buhun da aka ɗinka wa hula zai kwana inda aka ɗinka shi, kuma motar da aka ƙi yi wa lodi a kasuwa ɗaya an ƙi ta a duka uku. Daga yau kuma mun ajiye aron wuya. Wanda ya faɗi, gurbinsa ya tsaya a buɗe, mota ta jira, mai kaya ya zo da kansa ya tambaya ina mutumin nan ya shiga. Amma wannan ba zai yiwu ba sai kun zama mana abin da mai tuwon Zariya ta zama wa iyayenmu. Ba zan iya ce wa Waliyyu ya sauke gidan wansa ba sai na nuna masa wanda zai ɗauka. Limamai, ku ne kuke karantar da mu cewa ba a ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa, ku faɗe shi a kan mumbari ranar Juma'a, ku sa a fitar da tiyar hatsi daga kowane gida mai hali, a kai gidajen waɗanda suka faɗi. Hakimai, maganarku ɗaya ta isa ta tsayar da basilla. Shugabannin ƙwadago, mu ba mu da katin aiki, ba mu da fansho, ba mu da ofis, amma a 1945 akawu da lebura rana ɗaya suka fita. Kada ku zo ku yi mana jawabi shekara shekara ku koma.

An daɗe ana ce mana mu yi haƙuri, wai mai haƙuri yakan dafa dutse. Mun yi. Haƙuri da abin da Allah ya saukar ibada ne, wannan ba mu ja da shi ba. Amma hula ba daga sama ta sauko ba, da hannu ake ɗinka ta, a gabanmu, da zaren da muka san inda ake sayar da shi. Abin da hannu ya ɗinka, hannu na iya farke shi.

Mai girma shugaban taro, na ga a tsarin yau, bayan jawabai za a zagaya gari da tutoci, sannan a dawo a ci abinci. Ina neman alfarma a canza hanya. Jiya Waliyyu ya yi mini alkawarin zai zo taron nan ya zauna, ko da yini ɗaya ne bayansa ya huta. Tun da na hau nan nake duba fuskoki, ban gan shi ba, kuma na san dalili. Ɗazu a bakin ƙofar filin nan wata tsohuwa ta riƙe mini hannun riga. Inna Hindu ce, ga ta can a gindin dogonyaro, ta bar Dalhatu a hannun matarsa ta hau babur tun daga Jandutsi. Ta ce tun da safe aka kira Waliyyu a waya, tirela biyu sun shigo, mutane sun tafi taro, hannu ya yi ƙaranci, in bai je ba gungunsu zai rasa lodin. Ya ɗauki gammonsa ya fita. Ta ce da ni, “Malam Hamidu, ɗiya biyu Allah yab ba ni. Kassuwa ta amshe guda. Ku da ad da baki, ku hana ta ƙara.”

Wato yanzu haka, muna nan a inuwa muna tunawa da waɗanda suka ajiye kaya shekara tamanin da suka wuce, Waliyyu yana can bayan tasha a kan katako, da buhun mutum biyu, da ƙafa ɗaya mai ji. Daren jiya an yi ruwa. Ba zan ƙara tsawaita magana ba. Tuwo zai jira, tutoci ma za su iya bin mu. Ni dai daga nan kasuwa na nufa da waɗannan gwiwoyin nawa, in tsaya a gindin katakon nan in ce masa ya sauke. Ni kaɗai ba zai ji ba, ya riga ya gaya mini dalili. Amma in ya waiwaya ya ga hakiminsa da limaminsa, ya ga manomi da dillali, ya ga Jega da Maiyama a bayana, suna ce masa gidan wanka yana wuyanmu, zai sauke. Wanda ya yarda da abin da na faɗa, kada ya tafa mini, ya tashi kawai.

Allah ya jiƙan mazan 1945 da matan da suka ciyar da su, ya haskaka kabarinsu. Allah ya ba Dalhatu da duk waɗanda ke kwance sauƙi, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya ba masu jinyarsu lada da juriya. Allah ya albarkaci daminarmu, ya tsare gonakinmu da dabbobinmu da hanyoyinmu, ya zaunar da Jihar Kebbi da Nijeriya lafiya. Allah ya saka wa duk wanda ya halarci taron nan da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya sa mu iske Waliyyu a tsaye.

Na gode.